Haƙorin hankali, tramol da tsoron makanta

Wasiƙar wannan makon daga Marwa, a arewacin Kamaru, ta fito:

"Gwaggo, ina gaisuwa. Ni ɗan moto ne, mai haya da mashin, shekaruna 23. Tun bara wani haƙori ya fara fito mini can ƙarshen muƙamuƙi, ƙasa ta hagu. Bai gama fitowa ba, rabinsa na cikin nama. Wasu sun ce haƙorin ƙari ne. Sai ya yi shiru wata da watanni, sannan wurin ya kumbura ya riƙa zugi har cikin kunne. Wannan ne karo na uku, kuma ya fi na baya tsanani. Bakina ba ya buɗuwa sosai, ina jin wari da wani ɗanɗano mara daɗi. Abokan aikina suka ba ni tramol, da shi nake iya fita, yau mako biyu ina sha kullum. Na sa kanumfari, wani kuma ya ce in ɗiga ruwan batir ya kashe tsutsar. Akwai mai cire haƙori a kasuwa da ya ce zai cire mini da araha. Inna kuwa ta rantse ba za a cire ba, ta ce jijiyar haƙori haɗe take da ta ido, wanda aka cire wa makancewa yake yi. Kuɗin asibiti ma ina tsoronsa. Yaya zan yi?"

Ɗana, sannu. Allah ya ba ka lafiya, ya yaye maka. Wanda bai taɓa kwana zaune riƙe da kunci ba, ba zai san abin da kake ji ba.

Tun kafin ka ƙarasa karanta amsata, ajiye wayar ka gwada wannan. Jera yatsunka uku, ɗaya bisa ɗaya, ka sa su a tsaye tsakanin haƙoran gabanka na sama da na ƙasa. Bakin mai lafiya yana ɗaukar ukun nan ba wahala. Idan biyu ma da ƙyar suke shiga, ko sun ƙi shiga, kada ka jira gobe. Haka nan idan zazzaɓi ya rufe ka, ko haɗiye miyau ya zama aiki, ko kumburin ya gangaro ƙarƙashin haɓa da wuya ya yi tauri, ko ya haura wajen ido, ko muryarka ta sauya, ko ka ji harshenka kamar ana tura shi sama. Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ka bar komai ka tafi sashen gaggawa na babban asibiti, ko da tsakar dare ne, kuma wani ya goya ka, kada ka tuƙa kanka. Mugunyar da ke taruwa a gindin haƙoran ƙasa na baya tana iya bin ƙarƙashin harshe ta cika wuya har ta matse hanyar numfashi. Wani likitan Jamus mai suna Ludwig ya bayyana wannan ciwo tun 1836, da sunansa ake kiransa har yau, kuma har yau yana kashe samari majiya ƙarfi waɗanda suka ce ai haƙori ne kawai. Ban faɗi wannan don in tsorata ka ba. Ka rubuta da hannunka cewa bakinka ya fara ƙin buɗuwa, kuma wannan layin ne ya fi tsaya mini a rai a duk wasiƙarka.

In ka gwada ka ga babu ko ɗaya daga cikin alamomin nan, to alhamdu lillahi, kana da ɗan lokaci, amma na kwanaki ne, ba na watanni ba.

Haƙorin nan, bisa yadda ka kwatanta shi, ba na ƙari ba ne. Babban mutum haƙora 32 gare shi idan sun cika, huɗu na ƙarshe su ne haƙoran hankali, ɗaya a kowace kusurwa, kuma galibi tsakanin shekara 17 zuwa 25 suke fitowa. Wani duka huɗun za su fito masa lafiya lau, wani biyu, wani ko ɗaya ba a halicce shi da shi ba. Akan sami mutum da haƙorin ƙari na gaske a bayan na hankalin, amma ba kasafai ba, kuma hoto ne ke tantance shi. Matsalar na hankali ita ce shi ne na ƙarshen zuwa, ya tarar sauran sun cika wuri. In muƙamuƙi bai bar masa fili ba sai ya tsaya rabi ciki rabi waje, ko ya karkace ya tokari maƙwabcinsa. Naman dasashin da ya rage a kansa sai ya zama aljihu. Duk abin da ka ci, ɗan tuwon dawa, zaren nama, ɓarɓashin goro, yana shigewa ƙarƙashin naman nan inda asuwaki da buroshi ba sa kaiwa. Ƙwayoyin cuta su samu abinci da ɗumi, wurin ya kumbura ya yi mugunya. Warin da kake ji da ɗanɗanon nan, mugunyar ce ke tsiyaya. Ga kuma haƙorin sama da ke sauka daidai kan naman da ya kumbura duk lokacin da ka rufe baki, yana ƙara dandaƙa shi. Jijiyar wurin da ta kusa da kunne tushensu ɗaya, shi ya sa zugin ke kai maka can. Naman da ke motsa muƙamuƙi kuma yana dab da wurin, in kumburi ya taɓa shi sai ya ɗaure, baki ya ƙi buɗuwa.

Babu tsutsa a ciki. Kuma lafawar da ciwon yake yi ba warkewa ba ce: mugunyar ce ta samu hanya ta zube, aljihun yana nan, zai sake cika. Sau uku ya nuna maka haka.

Yanzu maganar tramol, kuma a nan zan ɗan tsaya, domin ya fi haƙorin damuna. Na san yadda ƙwayar nan ta zama ruwan dare a tsakanin 'yan moto da masu aikin ƙarfi daga Marwa har Garwa da Kusuri, na kuma san abokanka ba da mugunta suka ba ka ba, abin da suka sani ke nan. Amma tramol ɗan gidan su mofin ne, wato magungunan kashe ciwo masu ƙarfi da jiki ke kamuwa da su. Ba ya rage kumburi, ba ya kashe ƙwayar cuta, ƙwaƙwalwa kawai yake rufewa kada ta ji saƙon ciwo. Kamar injin mashin ɗinka ne ya fara ƙara, maimakon ka kai shi wurin makaniki sai ka toshe kunnenka da auduga ka ci gaba da ɗaukar fasinja. Mako biyun nan da kake fita aiki, ciwon bai tsaya jiranka ba. Sannan wanda ake sayarwa a bakin titi ba irin na asibiti ba ne. Na asibiti galibi miligiram 50 ne ko 100, kuma likita ba ya wuce 400 a yini ga babba, na titi kuwa har mai 225 akwai a ƙwaya ɗaya, kuma ba wanda zai iya rantse maka abin da ke cikinta. In ya yi yawa yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, yana rage numfashi, yana sa gyangyaɗi. Ka tuna kai a kan ƙafa biyu kake wuni, da matar wani ko ɗan wani a bayanka.

Abu na biyu, jiki yana saba da shi da wuri. Bayan mako biyu kana sha kullum, mai yiwuwa ranar da ka bari ka ji gumi, ciwon gaɓoɓi, hamma, rashin barci da rashin natsuwa. Da yawa a nan suke faɗawa, su ce haƙorin ne ya dawo, su ƙara sha, haƙori ya warke ƙwaya ta zauna. Don haka idan ka je asibiti, ka faɗa wa likita gaskiya: tun yaushe, guda nawa a rana, mai lamba nawa. Ba kotu ka je ba. Yana buƙatar sani don ya zaɓa maka maganin da ba zai yi karo da shi ba, ya kuma nuna maka yadda za ka rage shi a hankali in jikinka ya riga ya kama. Daga yau dai kada ka ƙara adadin da kake sha, kuma ranar da ka sha kada ka hau mashin.

Abin da zai riƙe ka kafin ka ga likita ba shi da tsada. Ruwa mai ɗumi kofi ɗaya, rabin cokalin shayi na gishiri, ka guntsa, ka karkata kai ta hagu ruwan ya zauna a kan wurin kamar rabin minti, ka kurkure ka zubar. Ka haɗa shi da alwala don kada ka manta, ka ƙara bayan kowane cin abinci da lokacin kwanciya. Ka ci gaba da goge wurin a hankali da buroshi mai laushi ko da yana ɗan jini, domin barin sa da datti saboda tsoron zafi shi ke ƙara rura shi. A farmasi akwai ruwan kurkure baki mai sinadarin klorheksidin, yana taimakawa ƙwarai, sai dai ba a daɗewa a kansa fiye da mako ɗaya ko biyu, yana rina haƙora. Na ciwo kuwa, farasitamol mai 500 guda biyu duk bayan awa 6, kada ya wuce guda 8 a yini da kwana. Ibufurofen mai 400 sau uku a rana bayan ka ci abinci ya fi tramol amfani a irin wannan ciwo, domin shi yana taɓa kumburin kansa, kuma ana iya haɗa shi da farasitamol. Amma mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, mai asma da irin wannan magani ke tayar masa, da mace mai ciki, su nisanci ibufurofen sai da izinin likita, mai ciwon hanta kuma ya tambaya kafin ya sha farasitamol da yawa. Kada ka haɗa ibufurofen da diklofenak, aikinsu ɗaya, cikinka ne zai biya. Ka saya a farmasi na gaskiya, ba a tiren da ya wuni cikin ranar Marwa ba.

Kanumfari ba laifi, man da ke cikinsa yana ɗan kashe zafi, likitocin haƙori ma suna amfani da shi. Iyakarsa ke nan. Ruwan batir kuwa, don girman Allah, kada ko kusa. Guba ce mai cin nama, za ta ƙone maka dasashi da kunci da harshe ta bar gyambo a kan ciwo. Haka man zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bakin titi, haka garin taba, haka kanwa, haka danna ƙwayar asfirin a kan dasashi, duk ƙuna suke yi. Kada kuma ka gasa kuncin da tsumma mai zafi daga waje, zafi yana iya ƙara yaɗa kumburin. In za ka ɗora wani abu, mai sanyi ya fi.

Za a samu mai ce maka ka sayi amoksisilin ko Flagyl ka sha. Gaskiya ne su ake bayarwa idan ciwon ya fara yaɗuwa, kuma a halin da kake ciki mai yiwuwa likita ya rubuta maka. Bari shi ya rubuta, ya faɗi adadi da kwanaki, kai kuma ka shanye yadda ya ce. Shan biyu yau ɗaya jibi shi ke koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Flagyl ba ya haɗuwa da giya kowace iri. Kuma ko an sha su daidai, kumburi suke kwantarwa, ba sa rufe aljihun.

Sai Inna. Kada ka yi mata gardama, kada ka ce mata camfi ne. Tsoron kada ɗanta ya rasa ido ne ya sa ta rantse, kuma maganar nan ba ita ta ƙirƙire ta ba, ana yin ta a garuruwa da yawa har wajen Afirka. Amma ba gaskiya ba ce. Jijiyar gani daga bayan ido take tafiya zuwa ƙwaƙwalwa, hanyarta daban, ba ta ratsa muƙamuƙi. Naka ma na ƙasa ne, yana nesa da ido. Abin da ke iya kai wa ido shi ne mugunyar da aka bari ta yaɗu a fuska, musamman daga haƙoran sama, kuma ina kyautata zaton daga irin haka maganar ta samo asali: mutum ya jinkirta har fuska ta haye, aka cire a makare, ido ya taɓu, aka ɗora wa cirewa laifi. Akwai dai wata jijiya da ya kamata ka sani, don kada a ce na ɓoye maka. Tana bi ta cikin ƙashin muƙamuƙin ƙasa, kusa da saiwar haƙorin hankali, ita ke ba leɓen ƙasa da haɓa ji, wata kuma a gefenta tana ba harshe. In aka taɓa su wajen cirewa, leɓe ko gefen harshe kan yi dindiris, mutum ya daina jin taɓi a wurin. Galibi yana dawowa cikin makonni ko watanni, a wasu 'yan kaɗan yakan zauna. Saboda ita ake ɗaukar hoto kafin a sa hannu. Shawarata, ka tafi da Inna ko kawunka asibitin, su ji daga bakin likita, su ga hoton da idonsu. Ka roƙe ta ta yi maka addu'a da tofi ta sa maka albarka. Wanda ya saukar da cuta shi ya saukar da magani, neman ɗaya bai hana ɗaya ba.

Mai awartakin kasuwa kuwa, a'a. Haƙorin da rabinsa ke cikin ƙashi ba a fizge shi. Sau da yawa sai an tsaga dasashi, an ɗan rage ƙashi, wani lokaci a raba haƙorin biyu ko uku a fitar da shi gutsure-gutsure, sannan a ɗinke. Wanda ba shi da hoto ba shi da kayan wannan aiki, abin da ya fi yiwuwa shi ne ya karya kan ya bar maka saiwa a cikin wuri mai mugunya, ko ya tsaga ƙashin. Ga kuma ƙarfen da ya fito daga bakin wani ya shiga naka ba a dafa shi ba. Ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a yankinmu na arewa, kuma ta jini yake bi, haka ƙanjamau. Arahar nan tana iya jawo maka jinyar shekaru.

A manyan asibitocin yanki, irin na Marwa da Garwa da Ngaundare, da wasu asibitocin mishan, aka fi samun likitan haƙori. Ka je da sassafe ka tambayi sashen haƙori. In Faransancinka bai yi ƙarfi ba ka tafi da wanda zai yi maka tafinta, domin ina so ka fahimci duk abin da za a faɗa. Ranar farko ba lalle a cire ba. Yawanci likita zai wanke ƙarƙashin naman da sirinji, ya fitar da abin da ya taru, kuma wannan kaɗai yana kawo sauƙin da za ka yi mamaki. Zai rubuta magani, ya tura ka hoto, ya ba ka rana bayan kumburi ya sauka baki ya buɗu, domin allurar kashe zafi ba ta kamawa sosai a naman da ke cike da mugunya. Ba kuma kowane haƙorin hankali ake cirewa ba. A Ingila tun shekarar 2000 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya ta ce a bar wanda ba ya ciwo, kuma kumburin farko in bai yi tsanani ba bai isa dalilin cirewa ba, sai in ya maimaita. Naka ya maimaita har ya ƙara. Wani lokaci naman kawai ake yankewa in haƙorin a tsaye yake kuma yana da fili, wani lokaci na saman da ke cizon wurin ake fara cirewa. Hoto da idon likita ne za su yanke, amma ka shirya ranka cewa mai yiwuwa cirewa ce. Ina ganin in haka ne gara yanzu. A shekarunka ƙashi bai gama tauri ba, rauni na saurin warkewa. Kuma haƙorin da ya karkata yana tara datti a bayan maƙwabcinsa har ya huda shi, sai mutum ya rasa biyu, alhali na biyun shi ne mai yi masa tauna.

Ka faɗa wa likita in kana da ciwon suga, sikila, hawan jini, ko jininka na daɗewa bai tsaya ba, ko wani magani ya taɓa fito maka da ƙuraje.

Kuɗi, na sani, shi ne ƙashin bayan jinkirin. Ka tambayi farashin kowane mataki tun a ranar farko: ganin likita, hoto, cirewa, magani. Tunda ba rana ɗaya ake yin su ba, kana da sararin tarawa. Ka lissafa abin da tramol ya ci maka a mako biyun nan, da wunin da ka yi a kwance a karo uku, ga kuɗin mai mashin na kullum da ba ya jira. In kana adashi da abokan aiki, ka roƙa a ba ka ɗauka a wannan zagayen, larura ce. Ka yi wa mai mashin bayani tun da wuri cewa za ka huta kwana biyu ko uku. Kwanciya a asibiti da kumburin wuya, Allah ya kiyaye, ta ninka kuɗin cirewa sau da yawa.

In an cire, aikinka shi ne kiyaye gudan jinin da zai toshe ramin, domin a ƙarƙashinsa nama ke tsirowa. Ka cije audugar da aka sa maka kamar rabin awa zuwa awa ɗaya. Ranar farko ba kurkure baki da ƙarfi, ba yawan tofar da miyau, ba zuƙar abin sha da tsinken roba, ba shayi mai zafi. A alwala ka ɗan jiƙa bakin a hankali ka bar ruwan ya zubo da kansa. Sigari da shisha ka bar su aƙalla kwana uku, in ka iya mako guda ya fi. Kunu mai ɗumi-ɗumi, fura da nono, ayaba, tuwo mai laushi da miyar kuka, ka tauna ta ɗaya gefen. Kilishi da goro da rake su jira. Washegari ka koma ruwan gishiri, a hankali. Kunci zai kumbura, ya fi yawa a rana ta biyu ko ta uku, sannan ya fara sauka, wannan ba abin tsoro ba ne. Amma idan bayan kwana biyu zuwa huɗu ciwo ya dawo ya fi na farko, yana harbawa kunne, ga wari, to gudan jinin ne ya fita ƙashi ya bayyana. Ka koma wurin likitan ya wanke ya sa magani a ramin, kada ka koma wa tramol. Haka idan jini ya ƙi tsayawa bayan ka cije auduga mai tsabta, ko zazzaɓi ya zo, ko leɓenka bai dawo da ji ba washegari.

Ka gaishe mini da Inna. Ka rubuto ka gaya mini abin da hoton ya nuna, da kuma yadda kuka yi da likita a kan ƙwayar nan.